Babi na Bakwai: Albashi da Alƙalami

A shekarar 1933 wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya bi manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar aka buga a sakamakon wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. A cikin mutanen nan babu wanda rubutun labari ne abin da ke ci da shi. Imam malami ne a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22. Yayansa Bello Kagara shi ma malami ne a Katsina. Tafawa Ɓalewa bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, ya koma Bauci yana koyarwa. Wato tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, a hannun masu albashi aka haife shi, mutanen da sai sun sallami aji, sun duba aikin ɗalibai, sannan su jawo fitila su zauna.

Abin da ya faru da Imam bayan wannan yunƙuri shi ne ya fi dacewa da mai neman aiki ya tsaya a kai. Bai rubuta wa East takardar neman aiki ba. Littafinsa ne ya nema masa. A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya, ya yi kimanin wata shida yana aikin Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku. Da aka tashi kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939, shi aka ɗora a kujerar edita, ya kuma riƙe ta fiye da shekara goma.

Me East ya gani a cikin labarin wani matafiyi mai neman ruwan magani har ya yarda cewa marubucinsa zai iya jarida? Ya ga saurayin da aka ba wa'adi ya cika. Ya ga Hausar da mai karatu ba ya tuntuɓe a cikinta. Ya ga mutumin da zai ɗauko labari daga littattafan Larabawa ko na wasu al'ummu ya sa masa riga da hula har a rantse a Katsina aka haife shi, kuma wannan ita ce ainihin gwanintar da ake bukata wurin wanda zai riƙa sanar da manomin Funtuwa abin da ke faruwa a Turai ana dab da yaƙi. Mai ɗaukar aiki bai sayi labarin ba. Ya sayi halayen da labarin ya tona. Daga baya Imam ya zauna a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, ya zama shi ke duban takardun wasu.

Sai dai akwai abin da aka biya. Bayan ya kama aikin jarida Imam ya ci gaba da rubutu, ya yi Tafiya Mabuɗin Ilimi bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943, ya yi littattafan tarihi da na addini, amma bai sake fitar da ƙagaggen labari mai girman Magana Jari Ce ba har rasuwarsa a 1981. Tafawa Ɓalewa kuwa daga Shaihu Umar bai ƙara ba: shugabancin makaranta ya ɗauke shi, siyasa ta karɓa, ya zama Firayim Minista a 1957. Babu mai cewa sun yi asara, domin ayyukan da suka yi manya ne. Amma mai son adabin Hausa yana da haƙƙin jin zafin littattafan da ba a rubuta ba, kuma duk matashin da ke murnar samun takardar kama aiki ya kamata ya san aiki yana iya haɗiye marubuci ɗungurungum, ba da mugunta ba, da ƙarin girma ma.

Idan haka tarihi yake, me ya sa yau matashin da ya rubuta littafi uku, ko ya fito a fim, ko yake rera waƙa, yake share wannan daga takardar tarihin aikinsa, wadda kowa ke kira sibi?

Dalili na farko tsoho ne. A ƙasar Hausa ta da, mai fasahar baka yana da ubangida. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, fasaharsa ita ce aikinsa, fada ce ke ci da shi. Amma wannan matsayi ya zo da suna, maroƙi, kuma gidaje da yawa ba sa son a kira ɗansu da shi. Mamman Shata kansa sai da ya sha adawar mahaifinsa kafin waƙa ta zame masa sana'a. Wannan kallo bai mutu ba. Ya tashi daga kan makaɗin kalangu ya sauka kan ɗan fim da mawaƙin situdiyo, wani lokaci har da marubuciyar littafin soyayya. Manajan da ke zaune a kan teburin intabiyu a gidan da ya taso ya koyi abin da ake cewa game da 'yan wasa, kuma bai bar wannan a bakin ƙofar ofis ba.

Dalili na biyu na lissafi ne, kuma mai ɗaukar aiki yana da gaskiyarsa a ciki. Tsoronsa shi ne taura biyu ba ta taunuwa. Yana tunanin ranar da za a nemi ma'aikaci a ce ya tafi wurin ɗaukar fim a Jos, ko a tarar da shi yana buga babi na tara a kwamfutar ofis, rahoton wata yana jira.

A ɗauki misalin abin da ke faruwa kullum. Wata matashiya ta gama bautar ƙasa, ta zo neman aikin jami'ar hulɗa da jama'a a wata ƙungiyar lafiya. Mutum uku ne a gabanta, da tarin takardu, da robar ruwa kowa a gabansa. A can ƙasan shafi na biyu, ƙarƙashin abubuwan sha'awa, ta rubuta kalma ɗaya: rubuce-rubuce, tsakanin karatu da girki. Babban cikinsu ya ɗaga gilashi ya ce, “Malama, na ga kin ce kina rubutu. Wane iri?” Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ranka ya daɗe, ɗan abin da ba a rasa ba ne, don ɗebe kewa.” Aka wuce zuwa tambaya ta gaba. Alhali wannan yarinya ta kammala dogayen labarai biyu, tana fitar da babi duk daren Litinin da Alhamis ba fashi, tana kula da zauren WhatsApp na masu karatu da suka biya kuɗi, ta san kalmar da ke sa matar aure a ƙauye ta tsaya ta saurara da wadda ke sa ta kashe waya. Aikin da ake nema a yi shi ne rubuta saƙon rigakafi da Hausar da za a yarda da ita. A ɗakin nan kaf babu wanda ya kai ta sanin wannan, kuma ta fita ba wanda ya sani.

Ba wauta ce ta sa ta yi shiru ba, tarbiyya ce. An raine ta a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma mutumin kirki wasu ke faɗin alherinsa. Tsarin ɗaukar aiki na zamani kuwa an gina shi a kan akasin haka: ka faɗi abin da ka iya da bakinka, cikin minti goma, a gaban baƙi. Mafita ba ita ce a koya wa Bahaushe cika baki ba. Akwai bambanci tsakanin “ni gwana ce” da “na rubuta littafi biyu, ga su, na farkon ya ɗauke ni wata bakwai.” Na farko yabo ne. Na biyu shaida ce, irin wadda ake bayarwa a gaban alƙali ba tare da an ce mutum ya yi rashin kunya ba. Aikin da aka kammala yana da suna, da shekara, da adadin shafi, da wanda ya buga ko ya watsa shi, kuma waɗannan su ya kamata su hau takarda, a sashen ƙwarewa, ba a gefen girki ba.

Kuma ba kowane mai ɗaukar aiki ake gaya wa abu ɗaya ba. Gidan rediyo yana son jin cewa mutum ya saba rubuta magana don kunne. Makaranta tana son jin cewa ya iya riƙe hankalin yara. Banki bai damu da zancen jigo da salo ba, amma zai saurari wanda ya ce ya shirya ƙaramin fim, ya tsara kasafinsa, ya biya mutum goma sha biyu haƙƙinsu, ya gama a ranar da ya ɗiba. Duk wanda ya taɓa tara 'yan wasa da mai kyamara da mai abinci a wuri ɗaya da ƙarfe bakwai na safe ya yi aikin gudanarwa, ko da bai taɓa kiransa da wannan suna ba. Inda kuma aikin bai da wata alaƙa da fasahar, layi ɗaya ya isa, kuma idan aka tambaya a amsa kai tsaye: da dare nake yi, da ranakun hutu, ba ya taɓa lokacin ofis. Wannan amsa ita ce manajan ke jira, domin ita ce ke kashe tsoronsa.

Ƙofofin da fasaha ke buɗewa kai tsaye sun ƙaru. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ɗauki marubutan da suka yi suna a littattafan Hausa, irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, suka yi aikin rubutun wasan Daɗin Kowa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta ba mata marubuta abin da za su nuna wanda kowane ofis ya san darajarsa. Ali Nuhu digirin ilimin ƙasa ya yi a Jami'ar Jos, amma shekarun da ya yi a harkar fim ne suka kai shi shugabancin Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2024.

Ganin irin waɗannan ne ke sa wasu su yi gaggawar ajiye aiki, kuma a nan ya kamata a yi magana ba rufa-rufa. Kasuwar littafin Hausa ba ta taɓa zama wurin da mutum zai jingina iyalinsa hankali kwance ba. A zamanin da littattafan Kano suka yi tashe, daga ƙarshen shekarun 1980, marubuci shi ne komai. Ya rubuta a littafin makaranta, ya kai wa mai buga keken rubutu ko kwamfuta, ya nemo kuɗin takarda, ya kai maɗaba'a, ya raba labarin kashi biyu ko uku don kuɗin na ɗaya su buga na biyu, sannan ya ɗauki ɗauri ya kai wa dillalai a kasuwa. Su kuma ba sa biya sai sun sayar, kuma sau da yawa kaɗan-kaɗan, yau a ba shi wani abu, a ce ya dawo wani mako. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya karɓu ƙwarai, amma a bayan kowane littafi irinsa akwai ɗimbin waɗanda kuɗin bugunsu bai dawo ba. Yau kasuwar ta koma waya. An huta da kuɗin takarda, sai dai babin da aka sayar wa mutum ɗaya da safe yana iya zagaye zaure goma kafin la'asar, kyauta.

Shi ya sa albashi, ko da mafi ƙanƙanta ne na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, yake yi wa mai fasaha wani aiki da ba a cika faɗa ba: yana ba shi ikon cewa a'a. Marubucin da kuɗin hayarsa ke rataye a wuyan littafi dole ya rubuta abin da dillali ya ce yana tafiya, ya ja labarin da ya ƙare don a samu kashi na huɗu. Wanda ke da abin da ke shigowa ƙarshen wata yana iya ajiye rubutu shekara guda har ya nuna. Yusuf Adamu ya fitar da Idan So Cuta Ne a 1989, ya ci gaba da rubuta labari da waƙa, kuma ya kai farfesa a fannin ilimin ƙasa a Jami'ar Bayero. Abubakar Adam Ibrahim yana aikin jarida a Daily Trust ya rubuta littafin da ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016. A Masar, Najib Mahfuz ya yi aikin gwamnati fiye da shekara talatin, har da Ma'aikatar Wakafi, bai yi ritaya ba sai 1971, kuma an san shi da tsayayyen lokacin rubutu bayan tashi daga ofis. Ya karɓi kyautar Nobel a 1988, kuma ƙananan ma'aikatan gwamnati sun cika littattafansa.

Wannan batu na ƙarshe ya fi kuɗi muhimmanci. Wurin aiki ma'adanar mutane ce. Usman Baba Pategi ya yi aikin soja, kuma daga bariki ya ɗauko Samanja, da tsawarsa, da Hausarsa mai gauraye, da yadda yake sara wa na sama ya murƙushe na ƙasa. Wanda bai taɓa tsayawa fareti ba ba zai ƙirƙiro wannan mutum ba. Rabilu Musa Ibro ya yi shekaru yana aikin gidan yari kafin wasa ya ɗauke shi gaba ɗaya. Malamar asibiti da ke rubutu ta ji yadda miji ke magana idan aka ce a kawo kuɗin jini. Akawun kotu ya ga yadda rabon gado ke raba 'yan uwa. Mai zaman ɗaki yana jiran ilhama ba ya samun wannan, kuma rubutunsa yakan nuna.

Lokaci dai shi ne inda ake jin jiki. Wanda ke tashi aiki ƙarfe huɗu, ya yi fama da cunkoso a adaidaita sahu, ya iso gida ya tarar babu wuta, ba shi da sauran ƙarfin kirki bayan isha'i. Da yawa sun gano cewa sa'a ɗaya bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ta fi sa'a uku na dare albarka. Ga mace abin ya ninka, domin bayan ofis akwai tukunya da yara da baƙi, kuma ita ce ake fara tambaya me take yi da waya har tsakar dare. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya, amma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Wanda ya san yawan abin da ke kan mace a gidan Bahaushe ya san kowane shafi na irin wannan littafi an ƙwato shi ne.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa, kuma sanin ta na cikin mutuncin mai fasaha. Lokacin ofis amana ne. Takardar ofis da injin buga takarda da man janareta ba na littafin kowa ba ne. Ga ma'aikacin gwamnati akwai ƙarin doka: Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Rubuta littafi a gida daban, buɗe kamfanin shirya fim da sunan mutum yana shugabanta daban, kuma wanda abinsa ya fara girma ya kamata ya nemi shawarar lauya kafin wani mai jin haushinsa ya rubuta takardar ƙorafi. A kamfanoni kuwa, a karanta kwantiragi kafin a sa hannu. Wasu na ɗauke da sharaɗin cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na kamfani ne. Ga wanda aka ɗauka don ya rubuta wasan rediyo ko talla, wannan na nufin taurarin da ya ƙirƙira za su zauna idan shi ya tafi. Idan yana da labarin da ya fara tun kafin ya zo, gara ya ambace shi a rubuce tun ranar farko.

Saura matsalar da ta fi damun mata, ta sunan aro. Marubuta da yawa a intanet suna fakewa da laƙabi, uwar wane ko 'yar gidan wane, saboda miji, ko surukai, ko gudun surutun unguwa. Dalilinsu mai ƙarfi ne, ba kuma wanda ya isa ya ce su daina. Amma ranar da aka buɗe gurbin marubucin wasa a gidan talabijin, ko aka nemi mai fassara, mai laƙabi za ta iske shekara biyar na aikinta ba su da alaƙa da sunan da ke kan takardar digirinta, wani lokaci ma wata ta kwafe labarin ta sa nata sunan. Ana iya riƙe laƙabin a waje a kuma ajiye hujja a gida: rubutun farko da kwanan watansa, saƙonnin da aka yi da wanda ya karanta labarin a YouTube ko ya saye shi don fim, rasidin biya, lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa idan an buga littafin, da wasiƙa mai sa hannu daga furodusa ko edita da ke cewa wance ce ta rubuta kaza a shekara kaza. A nemi wasiƙar nan tun ana shiri da mutum, a makon da aka gama aikin, domin kamfanonin fim da mujallu suna rufewa, masu su kuma suna canza lamba.